Gidan Tarihin Hoki Na Toronto Da Labarin Mai Lamba 99

Duk wanda hanya ta kawo shi Toronto, kuma yake da rabin yini a hannunsa, shawarata ya shiga Hockey Hall of Fame, ko da bai taɓa kallon wasan hoki na ƙanƙara ba. Ni labarin Wayne Gretzky, shahararren ɗan wasan hoki na Kanada, shi ne ya kai ni. Tun da na fara zama a Kanada nake jin sunansa a bakin abokan aiki, da lambobin da suke jerowa kamar karatun hadda, amma sai da na tsaya gaban kayansa a wannan gida lambobin suka zauna mini a kai.

Gidan yana mahaɗar titin Yonge da Front, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga tashar Union. An kafa cibiyar a 1943, ta dawo wannan wuri a 1993. Daga waje za ka hango tsohon ginin banki na dutse, wanda aka gina a 1885, sai dai ba ta nan ake shiga ba. Ƙofar tana hawan ƙasa na Brookfield Place, wajen shaguna da wuraren cin abinci, don haka ka bi alamomi ka sauka.

Da ka shiga, akwatunan gilashi ne ko'ina: riguna, sanduna, takalman zamiya, hulunan masu tsaron raga, da ƙananan faya-fayan baƙar roba da ake bugawa a madadin ƙwallo. A wajen kayan Gretzky na fi daɗewa. Abin da ya fara ja mini hankali shi ne, kayan ba na wani ƙato ba ne. Mutum ne siriri a wasan da ake bangaje juna da katangar fili, kuma da wannan jiki ya ci 894 a gasar NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, ya taimaka aka ci 1,963, jimillar maki 2,857. A hoki, wanda ya ci yana samun maki ɗaya, wanda ya miƙa masa ma yana samun ɗaya. To ka duba wannan: na biyu a tarihin maki, Jaromir Jagr, yana da 1,921. Ke nan da Gretzky bai taɓa zura faifai a raga ba ko sau ɗaya, taimakon da ya yi kaɗai ya isa ya riƙe shi a sama. Na daɗe a tsaye ina juya wannan lissafi.

Sauran ma ba ƙananan abubuwa ba ne. A kakar 1981-82 ya ci 92, hamsin daga ciki a wasa 39 na farko. A kakar 1985-86 ya tara maki 215. Ya ɗauki kofin Stanley, kofin zakarun gasar, sau huɗu da Edmonton Oilers, a 1984, 1985, 1987 da 1988, sannan a watan Agustan 1988 aka sayar da shi ga Los Angeles Kings, cinikin da har yau dattawan Kanada ba sa maganarsa da daɗin rai. Hotunan bidiyo na tsofaffin wasanni sun nuna mini yadda yake yi: ya koma bayan raga, inda wasu ba su ɗauka wurin tsayawa ba ne, ya tsaya yana kallon fili gaba ɗaya, mai tsaron raga ya rasa ko ya juya ko ya fuskanci gaba. Kafin a ankara faifan ya isa sandar abokinsa. Wannan ido ya samo asali ne daga filin ƙanƙarar da mahaifinsa Walter yake yi masa a bayan gidansu a Brantford, inda ya koya masa ya nufi inda faifan zai je.

Na san wani zai ce ai an karya tarihinsa. Gaskiya ne, an karya na yawan ci. Ranar 6 ga Afrilu, 2025, Alex Ovechkin, ɗan Rasha mai buga wa Washington Capitals, ya ci na 895 a ragar New York Islanders, kuma a wasansa na 1,487, daidai adadin wasannin kaka da Gretzky ya buga a gasar NHL. Ina ganin girman Ovechkin ƙwarai. Shekara da shekaru kowa ya san gefen hagu zai tsaya ya saki bugu, amma an kasa hana shi. Sai dai bayan na zagaya gidan nan na fito da ra'ayina: Ovechkin ya fi kowa iya ci, Gretzky ya fi kowa iya wasan. Shi ya sa da ya yi ritaya a 1999 aka shigar da sunansa cikin gwarazan gidan a shekarar, ba a jira shekara ukun da ƙa'ida ta tanada ba, kuma aka jingine lambar rigarsa, 99, a duk ƙungiyoyin gasar, ba wanda zai sake sa ta.

Babban zauren yana sama, cikin tsohon bankin, ƙarƙashin ƙubbar gilashi mai launi. Nan kofuna suke, har da Hart na gwarzon ɗan wasa, wanda Gretzky ya karɓa sau tara, da Art Ross na wanda ya fi maki, wanda ya karɓa sau goma. Nan kuma kofin Stanley yake, ana barin mutane su matsa kusa su ɗauki hoto. Ka nemi sunayen 'yan Edmonton na shekarun 1980 a jikinsa, an zana su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka fita ba ka leƙa tsohon ɗakin ajiyar kuɗin bankin ba, domin a ciki aka ajiye ainihin kwanon azurfar da Lord Stanley, gwamna-janar na Kanada, ya bayar a 1892. Ƙarami ne, mutum zai iya wuce shi bai sani ba.

Akwai ɗakin da aka kwaikwayi wurin sauya kaya na Montreal Canadiens, da sashen hokin ƙasashen duniya. Waɗannan na bi su da sauri. Wurin gwada bugu kuwa ya cancanci jira a layi. Ana ba ka sanda ka buga wa mai tsaron raga na allo, kuma da ka riƙe ta za ka gane cewa ɗaga faifan nan daga ƙasa ma aiki ne, balle a yi shi ana gudu a kan ƙanƙara. Yara sun fi son nan, kuma a ƙarshen mako wurin kan cika.

Idan da hali ka je da safe a ranar aiki, ka ware wa kanka kamar awa uku. Wanda bai san wasan ba, ya fara karanta yadda ake ƙirga ci da taimako kafin ya tafi, domin yawancin bayanan da ke jikin gilasan lambobi ne. Shagon kayan tsaraba yana bakin fita. Mai niyyar sayen riga ya riƙe kuɗinta daban.