XeLaTeX, LuaLaTeX ko hanyar CSS: wanne zai ɗauki littafin Sinanci, Japananci da Koriyanci?

Ɗan'uwa, ga yadda na fahimci tambayarka: kun rubuta littafin jagorar manhajarku da Markdown (hanyar rubutu mai sauƙi da 'yan alamomi), an fassara muku shi zuwa Sinanci da Japananci da Koriyanci, amma da kuka sa Pandoc, manhajar da ke juya fayil daga wani tsari zuwa wani, ya fitar da PDF sai ya cije, yana cewa bai san haruffan ba. Kana son sanin kayan aikin da za ku koma wa.

Asalin matsalar tana ƙarƙashin Pandoc. In ba a gaya masa wani abu ba, pdfLaTeX yake kira ya tsara masa shafi, shi kuwa wannan inji ya gaji tsarin TeX, manhajar ɗab'i ta Donald Knuth tun 1978, inda kundin haruffa (font) ɗaya ba ya wuce gurabe 256. Haruffan kanji da gwamnatin Japan ta ware don amfanin yau da kullum su kaɗai 2,136 ne, gaɓoɓin Hangul na Koriya kuma 11,172 ne a Unicode, tsarin da ya ba haruffan harsunan duniya lambobi. Akwai tsohuwar dabara, ƙunshin CJK (wato Sinanci, Japananci da Koriyanci) na Werner Lemberg, wanda ke yanka babban kundi gunduwa-gunduwa ya ba injin. Tana aiki har yau, sai dai ba zan ba kowa shawarar fara sabon aiki a kanta ba.

Kafin mu jera kayan aikin, ka cire ranka daga tunanin cewa da zarar haruffa sun bayyana an gama. Sinanci da Japananci ba sa barin fili tsakanin kalmomi, don haka inji zai iya yanke layi kusan ko'ina, sai a wuraren da aka hana: aya 。 da waƙafi 、 ba sa buɗe layi, bakan buɗe zance 「 kuma ba ya zama a ƙarshensa. Idan sunan manhaja da haruffan boko ya faɗo tsakiyar jimlar Japananci, ana bar masa ɗan fili, kwatan faɗin harafi, gaba da baya. Sannan ga wadda ta fi kama mutane. Unicode ya haɗe haruffan da ƙasashen nan suka yi tarayya a kansu ƙarƙashin lamba ɗaya, alhali kowace ƙasa da yadda take zana su. Dubi 骨, wato ƙashi: ɗan lungun da ke cikin akwatin samansa yana hagu a bugun Beijin, yana dama a bugun Tokyo. Ayar nan 。 ma a ƙasan hagu take zama a Sin da Japan, a Taiwan kuwa tsakiya take zama. Mu ba za mu lura ba. Mai karatu a Osaka zai gane tun layin farko cewa da kundin Sinanci aka buga masa Japananci, kuma daga nan amincinsa da littafin ya fara raguwa.

To, mu ɗauki XeLaTeX da LuaLaTeX kafaɗa da kafaɗa, tunda su ne mafi kusa da inda kuke. XeTeX, injin da ke ƙarƙashin XeLaTeX, aikin Jonathan Kew ne a ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL International, ya fito a 2004, an gina shi ne don ya karanta Unicode kai tsaye ya kuma yi amfani da haruffan da ke kan kwamfutarka. A ɓangaren Sinanci shi ne gida. Ƙunshin xeCJK da ctex sun daɗe a hannun masu rubutu a jami'o'in Sin, sun san matse alamomin rubutu, ctex ma har kan babi da kwanan wata yake mayarwa salon Sinanci. A Pandoc, zaɓar xelatex da ba CJKmainfont sunan kundin haruffa sun isa a ga shafi na farko. Shi ya sa Sphinx ma, wata manhajar haɗa littattafan jagora, idan aka ce masa harshen littafi Sinanci ne, xelatex yake ɗauka da kansa.

LuaLaTeX ya fi shi nauyi. Ranar farko da zai buɗe babban kundin haruffan Asiya zai ɗauki lokaci yana gina ma'ajiyarsa, kuma ko bayan nan ba ya kai XeLaTeX sauri a dogon littafi. Abin da kake samu a madadin jinkirin shi ne ƙunshin LuaTeX-ja, wanda ya kwaso ƙa'idojin ɗab'in Japananci cikinsa, har da rubutu daga sama zuwa ƙasa da ƙananan haruffan furigana da ake ɗorawa kan kanji don nuna yadda ake karanta shi, kamar yadda muke sa wa ajami wasulla saboda mai koyo. Bugu da ƙari, masu kula da LaTeX sun karkata ga LuaTeX, injin LuaLaTeX, don sababbin ayyuka, XeTeX kuwa gyaransa ya ja baya. Littafin da za ku riƙa sabuntawa shekara da shekaru, wannan abin dubawa ne.

Su Japanawa suna da nasu reshen tun da daɗewa: pTeX na kamfanin ASCII, da upTeX na Takuji Tanaka wanda ya ƙara masa Unicode. Shi upTeX yana da sauri, ya kuma ƙware a harshensa, shi Sphinx ke zaɓa wa Japananci. Sai dai yana bi ta wata manhajar, dvipdfmx, kafin ya kai PDF, kuma yawancin bayanansa da Japananci suke. In ba ku da Bajapane a cikin tawagarku, LuaLaTeX da tsarin jlreq zai fi muku sauƙin riƙewa. Sunan jlreq daga wata takardar W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ya samo asali, wadda ta tattara ƙa'idojin tsara shafin Japananci, kuma akwai ta da Turanci.

Koriyanci bai da wahala sosai. Yana barin fili tsakanin kalmomi, ƙunshinsa ko.TeX kuma yana aiki da XeLaTeX da LuaLaTeX duka.

Yanzu ɗaya gefen, wato barin TeX gaba ɗaya a tsara shafi da HTML da CSS, harsunan da ake gina shafukan yanar gizo da su. Burauza ta riga ta san dokokin yanke layi na harsunan nan uku, ta san rubutu a tsaye, ta san furigana, kuma idan ka sa wa kowane sakin layi alamar harshensa daidai, tana iya zaɓo siffar harafin da ta dace da ƙasar. Vivliostyle, buɗaɗɗen aiki da ya taso daga Japan, a kan wannan ya ginu: yana ɗaukar shafukan yanar gizo ya mayar da su littafi mai lambar shafi. Antenna House Formatter ma na Japan ne, ya fi ƙarfi, amma na kuɗi ne. Inda hanyar CSS ta fi TeX shi ne harsuna ukun a shafi ɗaya, da kuma kasancewar salo ɗaya zai yi muku shafin intanet da PDF. Inda TeX ya fi ta shi ne lissafi mai yawa da manuniyar ƙarshen littafi. Typst, wata manhajar ɗab'i daban da aka buɗe wa kowa lambarta a 2023, yana da sauri ƙwarai kuma yana ɗaukar rubutun kwance na harsunan nan, amma yaro ne a kan waɗancan, ban kai ga damƙa masa littafin Japananci mai ƙa'idoji da yawa ba.

Ni dai a matsayinku, tunda kowane harshe littafinsa daban, zan bar Markdown da Pandoc yadda suke, in ba Sinanci XeLaTeX da ctex, Japananci LuaLaTeX, Koriyanci kuma ko.TeX a kan wanda kuka fi sabawa da shi. Idan mutanenku sun fi sanin CSS kuma babu lissafi a littafin, ku tafi Vivliostyle kai tsaye.

Ko wanne kuka ɗauka, abu biyu ba sa canzawa. Na farko, kundin haruffan Noto CJK, wanda Google da Adobe suka fitar a 2014 (Adobe na kiransa Source Han Sans), yana da reshen SC na Sin, TC na Taiwan, JP na Japan da KR na Koriya, sai ku ba kowane littafi nasa, haruffan boko kuma ku ware musu wani kundin, musamman in akwai ɓ, ɗ da ƙ a ciki. Na biyu, ku kunna east_asian_line_breaks a Pandoc don Sinanci da Japananci. Idan mai fassara ya sauka sabon layi a tsakiyar jimla cikin fayil ɗinsa, Markdown yana mayar da wurin fili, sai ka ga giɓi a tsakiyar jimlar Sinanci inda babu dalilinsa. Kafin ku tura duka littafin, ku buga shafi biyu na kowane harshe, masu ɗauke da jadawali da sunan manhaja a tsakiyar jimla, ku ba mai fassarar ya duba bakin layukan da idonsa.