Wace saba za ka saya wa ƙaramin ofis in kuɗi ba yawa?

In kana da kemis ko wurin buga takardu ko makarantar kuɗi mai kwamfutoci biyar zuwa goma, kuma har yanzu da filas ake yawo da fayil daga wannan tebur zuwa wancan, to lokacin saba ya yi, wato kwamfuta ɗaya da za ta riƙe fayil ɗin ofis, sauran su riƙa shiga ta netwok. Amma kafin ka je jin farashi ka fara sanin me za a ɗora mata. Ajiyar fayil ne kawai, ko akwai manhajar lissafi da ta ƙidayar kaya wadda dole sai Windows? Sannan wace wuta za ta riƙe ta, don a nan yawancin mutanenmu suke yin asara.

Mafi sauƙi ita ce kwamfutar ofis ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita, irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, suna nan jibge a Computer Village ta Ikeja da shagunan kwamfuta na Kano da Kaduna. Ka nemi mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5 zubi na 8 zuwa sama, RAM (ma'adanar aiki ta wucin gadi) 16GB da SSD (faifan ajiya mai sauri). Na ce na 8 ne saboda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin tsoffin. 'Yan ƙananan cikinsu wutar da suke ci in ba aiki bai fi wat 10 zuwa 20 ba, ƙaramar inbata da sola sai su kwana da ita, illarsu ɗaya ba wurin sa manyan faifan ajiya guda biyu, in kana son haka sai ka ɗauki mai babban gida. Kuma ka sani Windows ta yau da kullum na'ura 20 kawai take bari su shiga rabon fayil a lokaci ɗaya. In fayil ne kaɗai ka sa mata Ubuntu Server ko OpenMediaVault a madadin Windows, kyauta ne ba lasin ba komai.

Na biyu akwai NAS, ɗan akwatin ajiya kamar Synology DS224+ mai gurbin faifai biyu. Gaskiya ga wanda ba shi da yaron kwamfuta a ofis wannan na fi ba shi shawara, ta burauza ake saita ta, ka buɗe wa kowa asusunsa, shi ke nan. Amma fanko ake sayar da ita, faifan daban za ka saya, ka nemi WD Red Plus ko Seagate IronWolf don su aka yi wa aikin dare da rana. Manhajar lissafinka ta Windows kuma kar ka sa ran za ta zauna a kanta.

Sai wadda take jan hankalin mutane, babbar sabar kamfani ta hannu kamar PowerEdge R720. Za a nuna maka ita da arha, RAM kamar me, sai ka ji kamar ka tsinci dami a kala. Don Allah ka bi a hankali. Injin 2012 ne, tana zaune ba ta komai ma tana shan sama da wat 100, fankokinta ba sa barin mutum ya ji waya a ɗakin, ga zafin Maris da Afrilu in ba AC, batirin inbata kuwa kafin asuba ya zube. In lallai sai sabar gaske, gara PowerEdge T40 ko HPE MicroServer Gen10 Plus, ba su da hayaniya kuma suna ɗaukar RAM mai ECC da ke gyara ƙananan kurakurai da kanta. Windows Server in ka zaɓa, bayan lasinta akwai wani lasin daban, CAL, da ake biya wa masu shiga.

Ajiye fayil a intanet ta Google Workspace ko Microsoft 365 ma hanya ce, amma biya ne wata-wata kan kowane ma'aikaci, kuma ran da netwok ya ɗauke aiki ya yi tsaiko.

Ko wacce ka ɗauka, UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, dole ne, mai kebul na USB da zai gaya wa sabar ta kashe kanta lafiya in Nepa sun ɗauke wuta kafin a tada janareta. A haɗa sabar da wayar netwok Cat6 zuwa suwic (akwatin da ke haɗa kwamfutoci) mai gigabit, ban da Wi-Fi, a ba ta IP, wato adireshinta a netwok, da ba ya canzawa. A ɗaga ta daga ƙasa, lokacin hunturu a riƙa hure ƙurar. Kowa da kalmar sirrinsa, mai karɓar kuɗi ba ruwansa da fayil ɗin albashi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa ai na yi RAID 1, ina da kwafi. RAID 1, wato faifai biyu da ake rubuta musu abu ɗaya lokaci guda, mutuwar faifai ɗaya kawai take karewa, in wani ya goge fayil ko ƙwayar cuta ta kulle shi, a duka biyun ya tafi, ɓarawo ma in ya shigo duka zai ɗauke. Ka sayi faifan waje, ka kwafe duk mako, ka tafi da shi gida, lokaci-lokaci ka buɗe ka ga fayil ɗin yana buɗuwa.

Ranar saye kuma kar ka biya sai an kunna ta a gabanka, ka shiga BIOS (shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta) ka tabbatar ba a kulle ba, ka sa manhajar CrystalDiskInfo ta nuna maka awannin da faifan ya yi yana aiki, sannan a rubuta maka kwanakin garanti a jikin rasit.