Kayan ban ruwa na ɗigo mai tanki: inda suke da amfani da inda suke ba da wahala

A fadama cikin watan Maris, yadda aka saba shi ne a kunna inji, ruwa ya biyo magudana ya cika fangali, a toshe a buɗe wa na gaba. Ruwa mai yawa yana nutsewa tun a hanya, wani ya wuce ƙarƙashin saiwa, wani kuma rana ta shanye. Lissafin da masana ban ruwa suka daɗe suna aiki da shi ya nuna cewa a irin wannan malale, rabi ko kashi 60 cikin ɗari ne kawai shuka ke amfana da shi, alhali ban ruwan ɗigo da aka kafa daidai yana kai wa kusan kashi 90. Wannan ratar ce ta sa muka duba ƙaramin saitin ɗigo da ake sayarwa a shagunan kayan noma, wanda ke aiki da nauyin ruwa daga tanki ba tare da inji mai matsi ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. An kafa kamfanin Netafim mai ƙera kayan ɗigo a Isra'ila a 1965, kuma cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi shekaru tana yaɗa irin mai ƙaramin matsi ga masu lambu a yankin Sahel.

Saitin da ya dace da fili mai murabba'in mita 250 yana zuwa da babban bututu, da siraran tiyo masu faɗin milimita 16 waɗanda aka dasa wa maɗiga, wato ƙananan kafofin da ruwa ke ɗiga ta cikinsu, a kowace tazarar santimita 30, da filta, da makulli, da mahaɗai da matosai na ƙarshen layi. Tanki da gadon da za a ɗora shi galibi mai saye ne zai nema, kuma masu shago ba su cika faɗa ba sai an zo haɗawa. A sa wannan cikin lissafi tun farko, domin tanki mai lita 1,000 idan ya cika nauyinsa tan guda ne. Gadon katako mara tokare ba zai ɗauka ba. Bulo ko ƙarfe ya fi, kuma gindin tankin ya kai aƙalla mita ɗaya da rabi daga ƙasa.

Ga yadda lissafin yake. Fili mai mita 20 da mita 12.5, aka jera layi 20 da tazarar mita ɗaya, kowane layi tsawonsa mita 12.5, ya zama mita 250 na tiyo da maɗiga sama da 800. Adadin da aka rubuta a kwali, lita ɗaya ko biyu a awa, na matsin inji ne. Da tanki kawai, kowace maɗiga za ta ba da kusan rabin lita a awa, don haka tankin zai ɗauki awa biyu da wani abu kafin ya ƙare. Tumatir ko tattasai da ya rufe ƙasa yana bukatar lita 4 zuwa 5 a kowane murabba'in mita a rana lokacin hunturu, ya tashi zuwa 7 ko 8 idan bazara ta kama. Ke nan tanki ɗaya da ɗan ƙari a Janairu, tanki biyu a Afrilu, ɗaya da sassafe ɗaya da la'asar. Dashe sabo bai kai rabin haka ba.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda ruwan ke tsayawa inda ake so. Idan aka tona gefen shuka bayan awa ɗaya da rufe makulli, za a ga danshi ya yi siffar albasa a ƙarƙashin maɗiga, tsakanin layuka kuwa ƙasa busasshiya. Ciyawa na raguwa sosai, ganye ba ya jiƙewa, cututtukan da ke son laima su yi sauƙi. Ana iya narkar da yuriya a bokiti, a tace da ƙyalle, a zuba cikin tanki, shuka ta samu kaɗan-kaɗan maimakon a watsa mata gaba ɗaya.

Matsalar kayan nan guda ce babba, toshewa, kuma hanyoyinta da yawa. Ramin maɗiga bai kai milimita ɗaya ba. Ruwan kogi ko na kududdufi yana ɗauke da laka. Rijiyar burtsatse mara zurfi tana tura yashi mai laushi. Farin tanki da rana ke ratsawa yana haifar da gansakuka cikin kwanaki kaɗan, saboda haka a sayi baƙi kuma a riƙa rufe shi. Ruwan da ke barin jan tabo a bokiti yana da sinadarin ƙarfe, wanda idan ya haɗu da iska yake zama tsatsa a cikin tiyo. Irin wannan a bar shi ya kwana a wani mazubi ya kwanta kafin a ɗora shi tanki. Takin NPK na buhu da aka saba watsawa bai dace da tanki ba, domin yana barin gari da ba ya narkewa. Filtar da ke zuwa da saiti masu araha sau da yawa ƙarama ce, ragarta kuma ba ta jure wanki. A nemi mai lamba 120 a jikin raga, a wanke ta kullum kafin a buɗe ruwa, sannan duk mako a cire matosan ƙarshen layi a bar ruwa ya fita har ya yi fari. Kada a soka allura cikin maɗigar da ta toshe, ramin zai faɗaɗa ya riƙa kwashe rabon na bayansa.

Gwaji mai sauƙi: a ajiye kofi ƙarƙashin maɗigar farkon layi, wani ƙarƙashin ta ƙarshe, a jira minti goma. Idan na ƙarshe bai kai kashi huɗu cikin biyar na na farko ba, ko dai layin ya yi tsawo, ko fili ya hau tudu, ko an fara toshewa. Da matsin tanki kawai, bai kamata layi ya wuce mita 15 zuwa 20 ba, kuma tankin ya zauna a ɓangaren da ya fi tudu.

Kaurin tiyo ma abin dubawa ne. Mai laushi kamar leda, mai kaurin milimita 0.2, kaka ɗaya ko biyu yake yi. Ɓeraye na huda shi don neman ruwa, fartanya na yanka shi. Mai kauri ya fi tsada amma yana shekaru idan ana naɗe shi a ajiye a inuwa bayan girbi. A sayi mahaɗai goma na ajiya tun ranar farko. Inda ruwa ke da ɗan gishiri, za a ga farin zobe a gefen danshi. Kafin sabon dashe a malala ruwa sosai sau ɗaya ya tura shi ƙasa, in ba damina ta riga ta yi aikin ba.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a fili. Ɗigo ba ya rage ɗiban ruwa da kansa. Manomin da ya ga ruwa ya yi saura ya ninka filinsa, ko ya haɗa famfo mai amfani da hasken rana ya bar shi yana ja daga safe zuwa yamma tunda babu kuɗin mai, rijiyarsa da ta maƙwabcinsa za su ci gaba da ja da baya. Mutanen dausayin Haɗeja da Nguru sun ga abin da ɗiban ruwa a saman kogi ke jawo wa mutanen ƙasan kogi tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Amfanin tanki a nan shi ne mudu ne: mai lambu ya san lita nawa ya zuba yau, abin da mai malale ba zai taɓa sani ba.

Ga tumatir, tattasai, attaruhu, kabeji, kokwamba da kankana a ƙaramin fili, musamman inda ake jan ruwa daga rijiya ko ake sayensa, saitin ya cancanci kuɗinsa. Albasa da latas suna bukatar layuka kusa da juna, tiyo ya ninka, kuɗi ya ninka. Shinkafa da alkama ba aikinsa ba ne. Wanda kuma ba zai samu mai wanke filta kowace safiya ba, gara ya dakata da saye har ya samu.