Kafin ka sayi ƙananan motoci don haɗa filin baje-kolin tsofaffin motoci

Duk wanda ya ga hotunan Rétromobile, bikin tsofaffin motoci da ake yi a Paris tun 1976, ya ji sha'awar gina irinsa a kan tebur, to ya dakata da sayen mota tukuna. Ma'auni ake fara zaɓa. Idan ka tara motoci masu girma daban-daban, ranar da ka jera su gaban kyamara za ka ga Fijo ta fi Landiroba girma, kuma babu dabarar da za ta gyara wannan.

Lambar da ke jikin kwalin, kamar 1:43, tana nufin an rage motar gaskiya sau 43. Mu ɗauki Fijo 504, wadda ta fito a 1968, wadda duk dattijon da ya yi zirga-zirga tsakanin Garwa da Marwa ya san ta. Tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi. A 1:18 za ta zama santimita 25, a 1:24 kusan 19, a 1:43 ta ɗan haura 10, a 1:64 kuwa 7 kacal.

Manyan, wato 1:18, su ne masu ɗaukar ido. Ƙofa na buɗewa, ana ganin inji, sitiyari ma kan juya tayoyin gaba. Kamfanonin Bburago da Maisto suna da masu sauƙin kuɗi, Solido da Norev sun fi su kyan aiki. A hoto ma babu kamarsu, ko da wayar da ba ta da ƙarfi ce. Matsalar ita ce wuri. Katakon da za ka jera su a kai, idan mai santimita 60 da 40 ne, ba zai ɗauki fiye da biyu ko uku ba, kuma mota uku ba taron baje-koli ba ne, gareji ne. Ga nauyi: wanda zai ɗauko maka daga Duwala ko Yawunde, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya sake hawa bas, ba zai so kaya irin wannan ba. Na 1:24 ma kusan haka ne, sai dai a nan ake samun irin na roba da mutum ke harhaɗawa da kansa ya yi fenti, kamar na Tamiya. Aikin mai haƙuri ne, kuma fentin da gam ɗinsu sai an yi oda.

Na 1:64 su suka fi yawa a hannun 'yan gwanjo da shagunan kayan yara. Matchbox ta fara a Ingila a 1953, Hot Wheels ta biyo a Amurka a 1968, sai Majorette ta Faransa, wadda take yawan faɗowa cikin dilar kayan Turai. Ga araha, ga shi katako ɗaya zai ɗauki ashirin ba cunkoso. Amma akwai abin lura. Yawancinsu ba 1:64 ba ne na gaskiya. An yi su ne daidai girman kwali, shi ya sa babbar mota da ƙarama suke zuwa kusan tsawo ɗaya. Majorette takan rubuta ainihin ma'aunin a ƙarƙashin motar, sai ka juya ka karanta. Sannan tayoyin yawancin Hot Wheels na tsere ne, masu faɗi da ƙyalli. Da zarar kyamara ta matso, kowa ya san abin wasan yara ne.

Ni dai a ganina, ga mu mazauna arewacin Kamaru, 1:43 ya fi. Dalilin farko, motocin da muka taso muka gani a titunanmu a wannan ma'aunin suka fi samuwa, domin shi ne Faransawa suka fi riƙewa: Fijo 404 da ta fito a 1960 har da a-kori-kurarta, 504, Renault 4, Citroën 2CV, tsohuwar Marsandi, Land Cruiser. Baje-kolin da aka jera waɗannan a ƙarƙashin inuwar darbejiya ya fi mini daɗin kallo a kan na motocin Amurka da ba wanda ya taɓa jin ƙarar injinsu a Kuseri ko Injamena. Na biyu, wancan katakon na 60 da 40 ya zama fili mai mita 26 da 17, ya ishi mota takwas zuwa goma har da hanyar 'yan kallo. Na uku, mutane. Fili babu jama'a kufai ne, kuma 'yan mutum-mutumin da ake yi wa ƙananan jiragen ƙasa na ma'aunin O sun dace da 1:43, tsawonsu wajen santimita 4. Kada a sayar maka da na HO, waɗannan 1:87 ne, da ƙyar kansu zai kai hannun ƙofar motar. Mai hannu yana iya naɗa musu babbar riga da hula da takarda mai laushi da farin gam na kafinta.

Bayan ma'auni sai a duba abin da aka ƙera motar da shi. Akwai na ƙarfen zubi, akwai na resin, wata irin roba mai tauri. Na resin sun fi fitar da ƙananan siffofi, sun fi tsada, amma ba sa jure faɗuwa, kuma zafi ba abokinsu ba ne. A watan Maris da Afrilu Garwa takan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa sai wanda ya kwana a ciki. Siraran gilasan na resin kan ɓamɓaro idan gam ya saki. Na ƙarfe shi ne namu. Idan tsohuwa ce ta gwanjo, duba jikin da kyau: in ka ga ƙananan tsage kamar faso ko fenti ya kumbura, ƙarfen ne ke ruɓewa daga ciki, ba ya gyaruwa, bar ta ko da kyauta ce. Fenti da ya koɗe kuwa ba aibi ba ne, a hoto ma ya fi kama da gaskiya. Madubin gefe da fitilu su ne ke fara ɓacewa, su za ka yi ciniki a kai.

Wadda ta zo da akwatinta na roba mai haske ta cancanci ƙarin kuɗi, saboda ƙurar hunturu. Ƙurar da ido bai damu da ita ba, a hoto sai ta fito kamar tsakuwa a kan bonet. Burushin kwalliya mai laushi ya isa sharewa.

Ƙasan fili ba sai ka saya ba. Ciyawar roba ta shago kore ce shar irin ta Turai, ba ta kama da tamu. Yashin Binuwai da aka tankaɗe da rariya, a barbaɗa kan farin gam, ya fi ta. Kyamara ma wayarka ta wadatar: juya ta kai ƙasa yadda idon zai sauko daidai tsayin ɗan mutum-mutumin, ka fita waje da hantsi ko bayan la'asar, ka ɗora katakon a kan tebur yadda bishiyoyi na gaskiya za su zama bango daga nesa. Idan wayar ta kasa fitar da motar 1:43 tas daga tazarar taƙi guda, ja baya ka yanke hoton daga baya. Ka gwada haka a gaban mai shago da mota ɗaya kafin ka biya kuɗin goma.