Filin Ƙwallon Jami'ar Michigan: Ko Ba Ka Gane Wasan Ba, Ka Je

Tun da na dawo daga wajen ɗan ƙanwata da ke karatu a Ann Arbor, garin da Jami'ar Michigan take a Amurka, 'yan majalisarmu ta Wuse ke musu da ni, wai ta yaya filin makaranta zai fi filin ƙasa. To ya fi. Filin Moshood Abiola namu na Abuja mutum dubu 60 da 'yan kai yake ɗauka, na Jami'ar Michigan kuwa 107,601. Duk Amurka babu na biyunsa, kuma tun 1927 aka buɗe shi.

Daga waje sai ka raina shi, domin ƙasa aka haƙa aka jera yawancin wuraren zaman a ciki. Kana shiga ƙofa sai ka ga wuri ya buɗe ƙarƙashin ƙafarka kamar ƙatuwar ƙwarya, maƙil da jama'a cikin ruwan ɗorawa da shuɗi. Na tsaya baki sake, har yaron ya ja hannuna yana cewa, "Kawu, ka tare wa mutane hanya."

Wasan kansa dai bai shige ni ba. Ƙwallon Amurka ce, a rungume a ruga, a yi karo, a tsaya, a sake jeruwa. Minti 60 ne a ƙa'ida, amma tsaye-tsayen ya kai mu sama da awa uku. Abin da ya fanshe kuɗin tikitina shi ne 'yan badujalar ɗalibai da suka cika fili lokacin hutun rabin lokaci, da yadda tsoho da jikansa ke rera taken makaranta baki ɗaya. Masu kallon ƙwallon Turai, a nan ne Manchester United ta ci Real Madrid 3-1 a 2014, gaban mutum 109,318.

Wurin zama benci ne mai lamba, ba majingina, kafaɗa da kafaɗa za ku zauna da maƙwabcinka. Ba a shiga da jaka, tikiti kuma a waya yake, don haka ka cika cajinka. Ni na ci abincina na yi Azahar kafin mu fita, hakan ya fi mini kwanciyar hankali.

In da hali ka je a Satumba. Ni a Nuwamba na je, da rigar sanyin da nake zuwa Jos da ita, sai da yaron ya ara mini tasa na ɗora a kai.