Gargaɗi ga masu sana'ar hannu a Amurka: kada ki biya kuɗin tebur sai kin kira masu wurin

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata masu ɗinki da masu haɗa sarƙa da 'yan kunne, musamman mu da ke zaune a Amurka. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan saboda kunya. To ga Satumba ta kama, lokacin da ake fara neman masu tebur a kasuwannin Halloween da na Kirsimeti, kuma jiya da daddare na ga irin saƙon da ya cuce ni bara ya sake fitowa a ƙarƙashin wata sanarwa, kalma da kalma, suna kawai aka sauya. Ban iya barci ba sai da na ɗauki waya na fara rubutu.

Shekarata 9 a Bronx. Ɗinki a Kano na koya wajen gwaggona, haɗa duwatsun ado kuma a nan na ƙara da shi. Duk mai wannan sana'a a ƙasar nan ta san kakarmu daga Satumba ce zuwa Disamba. Kafin ranar 31 ga Oktoba mutane na neman jakunkunan da yara ke tara alewa a ciki, da rigunan filo masu hoton kabewa, da 'yan kunne masu siffar jemage ko gizo-gizo, yawanci baƙi da ruwan lemo da shunayya. Da an wuce wannan sai a koma kan ja da kore, safar da ake ratayewa a falo da kayan ƙawata itacen Kirsimeti. Ni abin da ya bambanta kayana shi ne da ƙyallen atamfa nake yin su, kuma Turawa na son hakan ƙwarai. Na san akwai waɗanda za su ce me ya haɗa Musulma da kayan Halloween. Ni ba na bikin, 'ya'yana ba sa fita yawon alewa, kuma na ɗaura wa kaina ba na yin ƙoƙon kai ko kwarangwal ko mayu, duk da sun fi tafiya a kasuwa. Wannan magana ce ta wata rana. Yau kan dukiyarmu da guminmu nake magana.

Bara a tsakiyar Satumba na ga sanarwa a Facebook cewa za a yi baje kolin kayan hannu na kwana 2 a zauren wata coci, a wani gari da ke arewa da mu, tafiyar minti 40 a mota. Sanarwar gaskiya ce, ku riƙe wannan da kyau, domin a nan dabarar take. Taron na nan, cocin na nan, ranar ma daidai take. Na rubuta a ƙasan sanarwar ina tambaya ko akwai sauran tebur. Ba a yi minti 10 ba wata mata ta amsa mini a wurin cewa akwai, in duba akwatin saƙona. Hotonta na wata dattijuwar Baturiya ce da jikoki, shafinta cike da hotunan furanni da kare. Ta ce ita ce mai kula da masu sayarwa, tebur 3 ne suka rage, kuma akwai mutum 2 da ke jira, don haka in ina so in yi sauri.

Ta aiko mini da fom mai tambarin taron a sama, da taswirar zauren, har da lambar teburina. Ta ce kafin a amince da ni sai na tura hotunan kayana ta imel don kwamiti ya duba. Wannan bai ba ni mamaki ba, don manyan kasuwanni na yin haka saboda kada a shigo musu da kayan kamfani a ce na hannu ne. Na zauna na ɗauki sababbin hotuna 12 masu kyau a kusa da taga, na kayan da ko a shagona na Etsy, kasuwar intanet ta kayan hannu, ban sa ba tukuna. A lokacin mun dawo daga bikin 'yar ƙawata, da lalle a hannuna, kuma ya fito a wasu hotunan inda nake riƙe da 'yan kunnen.

Washegari ta ce kwamiti ya yaba, in biya dala 150 na kwana biyun ta Zelle, hanyar tura kuɗi ta waya. Na tambaya ko zan iya biya da kati ko in kawo caki, ta ce ma'ajinsu ya yi tafiya, Zelle ko Cash App kaɗai suke karɓa a wannan makon. Sunan da ya fito a kan asusun ba nata ba ne, na namiji ne, ta ce mijinta ne. Na tura. Bayan kwana 4 ta dawo ta ce in ina son tebur kusa da wutar lantarki sai na ƙara dala 40. Na ƙara.

Sati 5 na yi ina kan keke har ƙarfe 2 na dare. Yadi da zare da duwatsu da ƙugiyoyin 'yan kunne sun ci mini kusan dala 600. Maigidana ya ɗauki hutun ranar Asabar daga tuƙi, wanda duk wadda mijinta ke tuƙin haya ta san abin da Asabar ke kawowa, muka loda akwatuna tun asuba. Da muka isa, wata mata mai takarda a hannu ta duba sunana sama da ƙasa ba ta gani ba. Na nuna mata fom ɗin da saƙonnin. Ta dube ni da tausayi ta ce ni ce ta 4 a safiyar nan. Ba su san wannan matar ba, teburansu sun ƙare tun watan Agusta, kuma su caki da sunan coci kaɗai suke karɓa. A bakin ƙofa na tarar da biyu daga cikin sauran, ɗaya mai kyandir, ɗaya mai saƙa da ta taho tun daga Connecticut da 'yarta. Na buɗe waya don in yi wa matar magana, na ga ta rufe ni. Maigidana bai ce mini komai ba sai "Maman yara, shiga mota, Allah ya mayar da alheri." Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ranar Litinin na je bankina. Suka saurare ni, suka rubuta, amma suka bayyana mini cewa ni da hannuna na tura kuɗin. Zelle hanya ce ta aika kuɗi daga banki zuwa banki cikin 'yan mintuna, su kansu suna gargaɗin a yi amfani da ita ga wanda aka sani kawai, kuma ba ta da kariyar mai saye. Haka ma PayPal idan kika zaɓi ɓangaren 'yan'uwa da abokai. Ɓangaren sayen kaya ne ke ba ki damar shigar da ƙorafi cikin kwana 180. Katin bashi ma dokar Amurka ta ba ki kwana 60 daga ranar da aka aiko miki da takardar lissafin da cajin ya fito ki ƙalubalance shi. Shi ya sa ɗan damfara zai kawo miki uzuri kala-kala don kada ki bi waɗannan hanyoyin. Ma'aji ya yi tafiya, na'ura ta lalace, ana cire musu kaso. Duk wanda ya ƙi karɓar kuɗi ta hanyar da za a iya dawo da su, to ya riga ya gaya miki ko shi wane ne.

Na ɗauka abin ya tsaya nan. Bayan sati 3 wata ƙawata 'yar Kumasi ta kira ni da sassafe. "Yaya, kin buɗe sabon shago ba ki gaya mana ba?" Ta turo mini hoton talla da ta gani a Instagram. Hannuna ne. Lallena ne, da zoben da mahaifiyata ta ba ni, ina riƙe da 'yan kunnen jemage da na kwana ina haɗawa. A ƙasa an rubuta labarin wata tsohuwa wai ta yi shekara 30 tana yin kayan Halloween da hannu, yanzu idonta ya raunana za ta rufe shago, an rage kashi 70 cikin 100. Hotunan nan babu inda na taɓa sa su a duniya sai wannan imel ɗin.

Na shiga shafin na tarar da kayan mata da yawa, kowane hoto da irin haskensa da irin teburinsa, alamar daga wurare daban-daban aka kwaso su. Babu adireshi, babu lambar waya. Ɗana ya nuna mini yadda ake duba ranar da aka yi rajistar sunan shafi ta hanyar WHOIS, muka ga shagon tsohuwar da wai ta yi shekara 30 tana sana'a bai cika wata 2 da haihuwa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata da ta daɗe tana sayen kayana, malamar makaranta, ta gane hannuna ta yi oda don ta taimake ni. Bayan Halloween ta wuce da kwanaki aka kawo mata wata 'yar leda daga ƙasar waje, da roba mai siffar jemage da aka buga wa fenti, ƙugiyar kuma ta kumbura mata kunne. Ni ƙarfe marar sa ƙaiƙayi nake saya da tsada saboda masu fatar da ba ta jure nikel. Ta yi mini magana cikin ladabi tana tambaya ko na sauya masu kawo mini kaya. Dala 190 zan iya mayar da su da ɗinkin sati ɗaya, amma sunan da na yi shekaru ina ginawa fa?

Na cike fom ɗin satar hoto na Facebook da Instagram, aka sauke tallan bayan 'yan kwanaki. Dokar haƙƙin mallaka ta intanet ta 1998, wadda ake kira DMCA, ta ba mai hoto damar neman a sauke, kuma ba sai da lauya ba. Ki ajiye ainihin hotunan a wayarki da kwanan watansu, su ne shaidarki. Na kuma kai rahoto ga hukumar kare masu saye ta FTC a reportfraud.ftc.gov da sashen FBI na laifukan intanet a ic3.gov. Kuɗina bai dawo ba, amma duka ta waya ake yi ba sai an je ofis ba, kuma ina roƙon 'yan'uwa mu daina haɗiye irin wannan saboda tsoron Turanci ko tsoron hukuma. Idan rubutun ne ke ba ki wahala, ki sa yaro ya taya ki.

Yanzu ga abin da nake yi, kuma shi nake roƙonku da shi. Idan na ga sanarwar kasuwa, ba na amsa wa duk wanda ya biyo ni a ƙasan rubutu ko ta akwatin saƙo. Ina neman lambar cocin ko makarantar ko zauren da kaina a Google, ba lambar da aka turo mini ba, in kira in tambaya: akwai wannan taro, wane ne ke karɓar masu tebur, yaya ake biya? Kiran minti 3 ne. Da na yi shi bara da duk wannan bai faru ba. A jihar New York kuma mai sayarwa a irin wannan kasuwa na bukatar takardar izinin karɓar harajin ciniki daga ofishin haraji na jiha, ana neman ta aƙalla kwana 20 kafin fara sayarwa, kuma masu shirya taro na ƙwarai kan tambaye ki ita. Matar can ba ta taɓa ambaton ta ba, kuɗi kawai take tambaya. Hotuna kuwa, duk wanda zan tura sai na rubuta sunan shagona a tsakiyarsa, a kan kayan, ba a gefe inda za a yanke ba. Lokaci zuwa lokaci ina sa hotunana a Google Lens in ga ko sun ɓulla wani wuri.

Akwai wasu dabarun damfara biyu da suke yawo a wannan kaka, ban faɗa tarkonsu ba amma sun zo mini. Wani zai ce yana son jaka 50 don bikin ofis, ya aiko da cakin da ya wuce kuɗin, ya ce ki tura ragowar ga mai ɗaukar kaya. Banki zai nuna kuɗin a asusunki cikin kwana 1 ko 2, amma gano cewa cakin jabu ne na iya ɗaukar makonni, kuma ke za a bi bashin. Ɗayan kuma saƙo ne ga sababbin masu shago a Etsy, wai daga ma'aikatan kamfanin, cewa an yi ciniki amma sai kin danna wata mahaɗa kin sa lambar katinki kafin kuɗin ya shigo. Cinikin gaske a shafin odarki yake fitowa, ba ya bukatar lambar kati.

Masu saye kuma, musamman 'ya'yanmu da ke sayen irin waɗannan kaya don abokan makaranta da na aiki, idan kuka ga labarin tsohuwa mai rufe shago da ragi mai yawa, ku tambayi mai shagon ta ɗauko hoton kayan daga baya ko a kan keken ɗinkinta. Mai yi da hannu za ta turo a take, har da farin ciki.

Saƙon da na gani jiya a ƙarƙashin sanarwar wata kasuwar Kirsimeti ne ta farkon Disamba, kuma na ga sunaye irin namu guda 2 a cikin waɗanda suka amsa cewa suna so. Na rubuta musu, ɗaya ta amsa, ba ta riga ta biya ba, alhamdu lillahi. Ɗayar har yanzu shiru. Idan ke ce, ko kin san wata 'yar'uwa mai saƙa ko ɗinki da ta ce ta samu tebur a makon nan, don Allah ki kira ta yau kafin ta tura kuɗin.