Wurin ɗaga ƙarfe na wajen Rumde Ajiya, ga masu ciwon suga

Jama'ar Garwa masu fama da suga irina, wurin motsa jikin nan da ke kusa da filin ƙwallo na Rumde Ajiya wallahi ya cancanci a je, kuma ba don kayan ba, kayan tsofaffi ne wasu ma waldar gida ce, kocin ne abin zuwa. Ranar farko bai bar ni na taɓa ƙarfe ba sai da ya tambaye ni, Alhaji wane magani kake sha, da hawan jini ko babu, yaushe rabonka da gwajin ido. Tambayar idon nan ba a banza ba, wanda suga ya taɓa masa jijiyoyin ido ɗaga abu mai nauyi sosai na iya ja masa zubar jini a ciki, dole likita ya duba tukuna.

Mu a nan an ɗauka ɗaga ƙarfe aikin samari ne masu son ƙirji, dattijo kuwa sai tafiya. Alhali tsoka ita ce ke shanye mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan cin abinci, kuma in tana aiki tana jan sugan ko insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka, bai taimaka ba, bayan ka tashi ma jiki na ci gaba da jin insulin da kyau kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa kocin yake ce mana a zo yau a huta gobe a dawo jibi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi minti 150 na motsa jiki a mako, sannan aƙalla kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Ni dai gwajin HbA1c ɗina, wanda ke nuna sugan wata 3, ya sauka, awon jinina ma ya gyaru, kuma dama hawan jinin ne ya fi damuna don ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki su ne kan gaba wajen kashe masu suga.

Abin da ya fi burge ni kocin baya yarda ka riƙe numfashi kana ɗagawa, da ya gani sai ya ce baba saki iska, don riƙewar tana harba jini sama nan take. Akwai abin awon suga da dabino a tebur, in suganka ya faɗi ƙasa da 0.70 g/l a abin awon ba ka ci gaba, musamman masu allurar insulin ko masu shan ƙwayar suga ta glibenclamide. Da silifas ma ba ka shiga, sai takalmi rufaffe saboda ƙafa.

Matsalar wurin zafi ne, rufin kwano, a Maris da Afrilu da rana ke wuce 40 in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya ba ya zaunuwa, ku je bayan asuba da gorar ruwanku. Sannan ba a ware wa mata lokaci ba, maiɗakina ita ma tana da suga amma ba za ta iya shiga cikin maza ba, dan Allah a ba su ko safiyar Asabar ce.